Tambaya da Amsa: Murfin akwatin kayan aikina yana shirin rabuwa da gindinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali da aiki. Ni mai haɗa wutar lantarki ne a gidaje, a nan Tahoua. Ina da wani jan akwatin roba da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo da shi daga Abijan lokacin da yake zuwa ci-rani. Asalinsa na injin huda bango ne. Injin ya daɗe da mutuwa, ni kuma nake zuba turnabis da pansi da mita da sauran tarkace a ciki. A bayansa, inda murfi ya haɗu da gindi, babu ƙarfe, wata siririyar roba ce take lanƙwashewa in an buɗe. To ita ce ta fara tsagewa daga gefe guda, yanzu ta wuce rabi. Na sa gam mai kama nan take na barbaɗa yashi, bai jima ba ya ɓamɓare. Na sayi mai tiyo biyu wanda ake cuɗawa, shi ma haka. Yanzu da robar taya nake ɗaure shi a bayan babur. Abokai na cewa in yar in sayi sabo, ni kuwa raina bai ba ni ba. Don Allah wane gam ne zai kama shi?

Mai karatu daga Tahoua

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Kada ka yar da akwatin nan, kuma kada ka ƙara kashe ko dala a kan gam. Cikin gam ɗin da ake sayarwa a shagunan kankayeri, wato na kayan gini da ƙarafa, daga Tahoua har Yamai, babu wanda zai riƙe maka wurin nan. Ba jabu aka sayar maka ba, ba kuma hannunka ba ne. Robar ce ba ta shan gam.

Yawancin akwatunan da ake saka injin huda bango a ciki da ɗayan roba biyu ake yin su: foliyetilin mai ƙarfi, wato irin ta jarkar mai da ta ruwa, ko folifurofilin, irin ta farar kujera da yawancin bokitai. Dukansu biyu dangin kyandir ne a wajen haɗi, fuskarsu sulɓi gare ta, gam yana bushewa a kai ne kawai ba tare da ya kama ba. In kana son shaida, dubi murfin gam mai kama nan take ɗin da ka saya. Da irin wannan robar aka yi shi, da gangan, don kada gam ɗin ya liƙe shi. Yashin da ka barbaɗa ya sa gam ɗin ya daskare ya yi tauri, amma tauri daban, kamu daban. Akwai wani gam na musamman da ke zuwa da ruwan da ake fara shafawa don irin wannan roba, sai dai samunsa aiki ne, kuma ko an samu, wurin da ake lanƙwasawa safe da yamma ba wurin gam ba ne.

Kafin komai, ka juya akwatin ka duba ƙasansa ko cikin murfi. Za ka iya ganin ƴar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lamba 2, ko haruffan HDPE, ita ce ta jarka. Lamba 5, ko PP, ita ce ta kujera. A Amurka aka fara sa waɗannan lambobi a 1988, saboda haka in akwatin Baba ya girmi wannan shekara, ko kamfanin bai damu da sawa ba, ba za ka ga komai ba. To sai ka yanko ɗan ƙanƙanen yanki daga ciki, inda ba ya aiki, ka jefa a kofin ruwa ka danna shi da yatsa don iska ta fita. In ya taso, ɗaya ce daga cikin biyun nan, domin dukansu sun fi ruwa rashin nauyi. In ya nutse, wata roba ce daban, wataƙila wadda ake kira ABS, ita kuwa tana shan gam. Amma daga yadda ka kwatanta, siririyar roba mai lanƙwashewa da gam da ke ɓamɓarewa, na tabbata naka zai taso.

Sai abu na biyu, wanda shi zai nuna ko aikin ya cancanci wahala: robar tana da sauran rai? Ka kankari bayan akwatin da farce. In wani farin gari ya biyo farcenka, rana ta ci fuskar. Wannan kaɗai ba komai ba ne, kusan duk robar da ta shekara a ƙasar Adar haka take. Ka kama leɓen murfin da pansi ka ɗan lanƙwasa. In ya ba da kai ya dawo, alhamdu lillahi. In ya ce ƙas ya balle, to rana ta ci har ciki, duk ƙusar da ka sa a nan za ta tsaga shi. Hasken rana ne ke tsinka robar a hankali, jar roba da rawaya kuma sun fi saurin lalacewa a kan baƙa, saboda baƙin sinadarin da ake zuba wa baƙar yana tare hasken. In ka tarar bayan ya mutu amma sauran jikin na nan, ba a fasa ba, sai dai a faɗaɗa faci ya kai inda robar ke da lafiya.

Yau ɗin nan, tun kafin ka tara kayan gyara, ka tsayar da tsagar. Ka nemi daidai inda ta tsaya, ka huda ƙaramin rami a wurin, kamar milimita 3. Tsaga tana tafiya ne ta tsininta, in ta faɗa rami mai zagaye sai ƙarfin ya watsu ta tsaya. Ragowar da ba ta tsage ba kada ka yanke ta. Ita za ta riƙe maka murfi daidai da gindi lokacin da kake aiki.

Na san wani zai ce maka ka kai wa masu liƙin roba. Ina ganin girman aikinsu. A nan Yamai, a kasuwar Katako, nakan tsaya wurin wani dattijo mai liƙin bokiti da baho. Ɗan murhun gawayi ne a gabansa, da guntayen zarto da ya fafe bakinsu suna kwance cikin garwashi. In an kawo masa bokiti, sai ya fara kankare bakin tsagar da wuƙa har sabuwar roba ta bayyana, sannan ya tona buhunsa yana ɗaga guntu yana ajiyewa har ya samu wanda ya yi daidai da bokitin. Ya zaro ƙarfe, ya goga shi a kan katako don toka ta fita, ya zura tsakanin facin da bokitin, ya zare, ya danne da babban yatsa da tsumma. Bai san lamba 2 ko lamba 5 ba, amma ba zai taɓa liƙa guntun jarka a jikin kujera ba, don ya san ba sa haɗuwa. Gaskiyarsa kuwa: ta jarka tana narkewa wajen digiri 130, ta kujera sai ta haura 160, kuma ko sun narke tare ba sa cuɗanya.

Liƙi yana da amfani a akwatinka, amma a jiki kawai. In akwai tsaga a kusurwa ko kusa da hannu, ka wanke da sabulu, ka kankare, ka fafe tsagar ta yi ɗan kwari, ka narka siririn yanki na irin robar a ciki da ƙarfen narka dalma, wanda na san kana da shi. In ka nutsa ɗan yankin ragar ƙarfe ta taga a cikin robar tun tana da taushi, ya fi ƙarko. Ka yi a waje inda iska ke kaɗawa. In ka ga hayaƙi ko robar ta fara yin ruwan ƙasa, zafi ya yi yawa, ƙona ta kake yi. Ka bar ta ta huce da kanta, ban da zuba ruwa. Kuma kada ka kuskura ka yi faci da guntun tiyon da kuke zura waya a ciki in na PVC ne, mai lamba 3. Ba zai kama ba, hayaƙinsa kuma guba ne ga ƙirji.

Mahaɗin kansa dai liƙi ba ya mayar da shi. Wannan siririyar roba kaurinta bai kai milimita guda ba, kuma juriyarta daga masana'anta ta samo ta, lokacin da aka matse ta da zafi zarurrukan cikinta suka jeru. Da ka narka ta, wannan jeri ya tafi. Za ka samu dunƙule mai kauri da ba ya lanƙwasa, sai ya karye a gefen liƙin.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka yi masa sabon mahaɗi da bel ɗin kujerar mota. Ka je wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ba za ka rasa wanda aka yanke aka yar ba. Faɗinsa ya kusa santimita 5, an saƙa shi ne don ya riƙe mutum a lokacin hatsari, zafin rana ba ya damunsa, kuma ba ya gajiya da lanƙwasa. Na fifita shi a kan sharniyar, wato mahaɗin ƙarfe irin na ƙofa, saboda dalili guda: akwatinka tsoho ne, kuma a bayan babur yake kwana yake tashi. Ƙarfe ba ya ba da kai, duk girgizar hanya sai ya miƙa ta ga tsohuwar robar da ke kewaye da ƙusa. Bel kuwa shanye ta yake yi. In ba ka samu bel ba, fata mai kauri daga wurin dukawa za ta yi, su kam ba a rasa su a Tahoua. Sai dai fata tana bushewa da hunturu, tana son a riƙa shafa mata mai. Robar cikin taya ban yarda da ita ba a nan, tana miƙewa, murfin zai riƙa rawa.

Ka yanka bel ɗin gida uku, kowane kamar santimita 10, ka ɗan lasa wa bakin wuta don kada ya warware. Ka rufe akwatin, ka sa makullansa na gaba, ka ɗaure shi tam da robar tayar nan taka. A rufe ake aunawa, a rufe ake hudawa. Wanda ya yi aikin a buɗe, in ya zo rufewa sai ya tarar murfi ya goce, makulli ba ya shiga. Ka ɗora yanka ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya, rabi a kan murfi rabi a kan gindi.

Ga inda aikin yake. Ba a ɗaure bel da kan ƙusa kawai. Kowane ɓangare yana son ɗan faranti a samansa, wani kuma daga ciki, robar da bel ɗin su zauna a tsakiya a matse. Ka yanko su daga alminiyom ko kwanon rufi mai ɗan kauri, faɗin santimita 2, tsawon ya ɗan wuce faɗin bel. Ka goge kusurwoyinsu da sanfefa don kada su yanki bel ɗin ko hannunka. Farantin waje ya matso kusa da layin haɗuwar murfi da gindi, ya rage kamar milimita 3 kowane gefe. In ka bar tazara mai yawa, bel ɗin zai yi sako-sako, murfin ya riƙa zamewa gaba da baya. Su kuma ramukan, kada su kusanci bakin robar, ka ba su aƙalla santimita ɗaya da rabi. A jikin bel, da ƙusa mai zafi ake huda rami, bakin ramin ya narke ya rufe kansa. A jikin akwatin kuwa ka yi da injin huda, a hankali, ba dannawa.

Bulon na milimita 4 ya isa, biyu a kowane faranti, ramin ya zama 4.5 don robar ta samu wurin motsi in ta sha zafi. In ka samu noti mai ƴar roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi, shi ne daidai. In babu, ka sa noti biyu ka ɗaure su da juna. Kan bulon ya kasance a waje, kuma ka yanke abin da ya yi saura a ciki don kada ya huda maka mita. Ribit, wato ƙusar da ake matsewa ta kama da kanta ba noti, ma yana yi, in dai akwai faranti ko rondel, wato ɗan zoben ƙarfe mai faɗi, a bayansa. Ribit tsirara a jikin roba ba ya daɗewa yake zarewa. Ƙusa mai murɗi irin ta katako kuwa ka manta da ita, za ta ci ramin ta faɗo.

Akwai wani tarko da nake so ka lura da shi. Akwatunan injin huda da yawa bango biyu gare su, na waje da na ciki mai siffar injin, tsakaninsu iska ce. Ka ƙwanƙwasa ka ji. In naka haka yake, ka zura bulon ya ratsa duka biyun ka ɗaure, bangon zai lotsa, kana ƙara ɗaurewa yana ƙara lotsawa, ba zai taɓa yin tam ba. Hanya biyu ce. Ko dai ka yanka ƴar taga a bangon ciki, daidai yadda faranti da noti za su shiga su zauna a bayan bangon waje. Ko kuma ka faɗaɗa ramin bangon ciki, ka zura guntun siririn bututu, irin na jan ƙarfe da masu gyaran firiji ke yarwa, tsawonsa daidai da tazarar, bulon ya bi ta cikinsa, rondel mai faɗi ya rufe. Ni ta farkon na fi so. Tun da injin ya mutu, siffarsa da ke ciki ba ta yi maka aikin komai, tagar ba za ta rage ka da komai ba.

In ka nace sai ƙarfe, to ka nemi doguwar sharniyar da kafintoci ke sa wa ƙofar kabad, ka yanke ta daidai tsawon bayan akwatin, ka matse bakinta da pansi don sandar ciki kada ta zame. Doguwa ta fi gajeru biyu, don tana raba nauyi. Sandarta ta hau daidai kan layin haɗuwa, kuma ita ma da faranti a ciki. Amma ka fara duba ko bayan akwatin a shafe yake. Da yawa suna da ƴan ƙafafu ko tudu a wurin, sai ka ga sharniyar ta ƙi zama.

In ka gama, ka ƙara abu guda da waɗanda suka ƙera akwatin ba su sa ba. Ka ɗaura ƴar igiya ko siririn bel daga cikin murfi zuwa cikin gindi, a gefe, yadda murfin zai tsaya in ya ɗan wuce miƙe. Abin da ke kashe irin wannan mahaɗi shi ne a buɗe a saki murfi ya faɗa baya da nauyinsa, barin ma in an cusa kaya a aljihunsa. Guduma da manyan kayan ƙarfe kuma su koma jaka. An yi akwatin ne don inji guda da ke zaune a gurbinsa, ba don ƙarafan da ke kai da komo suna dukan bango ba. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, in za ka shiga gida aiki ka shiga da shi, ko ka yafa masa buhu a kan babur.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Bukoki, nan Yamai. Akwatin da nake ajiye zare da almakashi da ƙananan kayan keken ɗinki na roba ne mai haske, ana ganin ciki. Shi nasa mahaɗin ƴan kunnuwa ne da siririn ƙarfe ya ratsa. Ƙarfen ya ɓace, kunne ɗaya kuma ya karye, amma guntun yana wurina. Akwai dabara?

Mai karatu daga Yamai

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da aiki. Naki ya fi sauƙi. Roba mai haske kamar gilashi, wadda in an ƙwanƙwasa take ƙara kuma take karyewa ba lanƙwasa, galibi mai lamba 6 ce, ita kuwa tana shan gam. Ki jefa guntun a ruwa, in ya nutse to haka ne. Ki wanke shi da sabulu ya bushe sarai, ki sa gam mai tiyo biyu, ki bar shi ya kwana kafin ki taɓa. Ki kiyaye kada ruwan goge jan farce ya taɓa akwatin, yana cin irin wannan roba. In kuwa guntun ya taso, kuma robar tana da ɗan duhu-duhu da taushi, to irin ta mai tambayar farko ce, gam ba zai yi ba. Sai a yanko siririn yanki daga gwangwanin madara, a naɗe shi a jikin sandar ya zama sabon kunne, a ɗaure bakinsa biyu a jikin akwatin da ƙaramin bulon.

Sandar da ta ɓace kuwa, ki aika yaro wurin mai walda ya karɓo baget, wato sandar walda, guda, akwai mai milimita 2.5 akwai mai 3.2, a ɗauki wadda ta shiga ramin ba tare da tilas ba. A daddaka ɓawon da ke jikinta ya zube, a goge ta, a zura, a lanƙwasa bakin nan biyu da pansi don kada ta sake zamewa. In ramin ya yi mata ƙanƙanta, wayar rataye kaya ko ta ƙafar keken hawa za ta shiga. In kuma sai an huda wannan roba mai haske, a yi da ƙusa mai zafi, domin injin huda yana tsaga ta.